Hular Shugaban Ƙasa

Da aka ce wanda ya ci muhawarar ajinmu shi zai wakilci makaranta a gasar jiha, sai da na yi kwana uku ina ganin kaina a talabijin. Maudu'in da aka ba ni in kare shi ne: halin shugaban ƙasa ne ke tuƙa aikinsa, ba mashawartansa ba.

Kuskuren da na yi, na je rumfar Baba a unguwar Mafoni neman shawara. Baba wankin hula yake yi tun kafin a haife ni, kuma ya yi imani babu sirrin ɗan Adam da hula ba ta tona masa.

"Uwata, ajiye wayar nan," ya ce, yana bugun wata hula mai sitati a kan katako. "Shugaban da ke turo hula gaban goshi ba ya jin shawara. Ko ministoci dubu suka taru, maganarsa zai yi. Mai yawan taɓa hula kuwa, yau ya naɗa ka, gobe ya sauke ka."

"Baba, muhawara fa ce, ba duba ba."

"Wanda hularsa ta yi masa yawa, wasu ke mulki da sunansa."

"To wanda ba ya sa hula fa?"

"Wannan Allah ya kiyaye."

Na dawo gida kamar in fashe. Na kwafo bayanai shafi huɗu daga waya, na haddace har ƙannena suka fara guduna.

Ranar muhawara abokin karawata, wani ɗan unguwar Galtimari mai murya kamar janareta, ya yi magana kan majalisa da tsarin mulki har bango ya kusa tafa masa. Da na miƙe, shafi huɗun nan suka tattara kayansu suka bar kaina. Ba abin da ya rage sai hular Baba.

Na ce bismillah, na zuba. Na yi bayanin mai turo hula, na kwaikwayi tafiyarsa. Na ce irin wannan shugaba ko an kawo masa mashawarta cikin tirela, kunnensa na ƙarƙashin hula. Aji ya kece da dariya. Alƙalai biyu, malamar Hausa da malamin tarihi, suna ta gyaɗa kai suna rubutu.

Sai a lokacin na kalli na ukun, mataimakin shugaban makaranta, wanda shi ne babban alƙali. Hularsa ta sauko har tana gaisawa da girarsa.

Mun ga malamar Hausa tana nuna masa takardar maki. Mun ga malamin tarihi yana roƙo da hannu biyu. Ko kallonsu bai yi ba, ya tashi ya sanar cewa ɗan Galtimari ne ya ci.

Na isa rumfa ido jawur, na ba Baba labari, ina jiran rarrashi.

"Su biyu suka ba shi shawara ya ƙi?"

"Ƙememe."

"Hular a gaban goshi?"

"Baba, gasar jiha fa na rasa!"

Ina! Ya riga ya leƙa waje yana kiran maƙwabcinsa tela ya zo ya ji. Har yau duk wanda ya kawo wanki sai an ba shi labarin, ni kuma ko a talabijin na ga shugaba ya fito, hular nake fara dubawa, haushi ya sake kama ni.