Ummukulthum Mai Waina da Tuƙin Damina

A ƙauyenmu, Tudun Marke, wanda ke tsakanin Dawakin Tofa da Dawanau, in ka ce Ummukulthum sai ka ƙara da "mai waina", don masu sunan sun kai uku. Ni Yaya Ummu nake ce mata. Faccalata ce. Mijinta, Malam Abdulmumini, shi ne wan mijina, kuma katanga ɗaya ce ta raba sassanmu. Sunana Sakinatu. Shekara goma sha tara ke nan da aka kawo ni gidan, kuma tun ban gama sanin inda ake ajiye tsintsiya ba ta zaunar da ni gaban tanda ta ce in gwada hannuna.

A wurin kakarta ta koyi sana'ar. Tsohuwar tana suya a kasuwar ƙauyensu, Ummu kuma tana 'yar shekara takwas tana gefe tana juya waina da ɗan cokali. Da ta yi aure sai ta ci gaba a cikin gida, ana aiko yara saye da safe. A hankali masu suna da masu biki suka gano ta. Tun ana aiko mata daga unguwanni har aka fara kiranta daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Waina da miyar taushe ne aikinta, wani lokaci a haɗa da sinasir da kunun gyaɗa. Ba ta da yawan magana in tana suya, amma in ta ajiye cokali ba mai bakinta a gidan nan.

Da kulolin abinci suka fi ƙarfin babur, sai ta sayar da shanu biyu da ta kiwata, Malam ya haɗa da waken da ya noma, aka sayo wata tsohuwar mota mai dogon baya, ruwan toka. Malam ya taɓa jan motar hatsi a lokacin samartakarsa, don haka shi ne direba. Mu namu suya ne da zubawa a kula. Shi kaɗai yake kaiwa, ya dawo mana da kulolin a wanke da labarin wanda ya ci ya ƙara.

Shekara uku ana haka, sai idanunsa suka fara yana. Da farko ya ɓoye. Ranar da ya kusa taka akuyar liman a ƙofar masallaci, ya dawo gida ya ajiye makullin mota a kan tabarma ya ce ya daina tuƙi. An ce masa a Kano ana aikin idon nan cikin sauƙi, ya ƙi. Wani kawunsa ne aka taɓa yi wa a gargajiyance tun yana yaro, mutumin bai sake gani ba, shi kuma abin bai bar ransa ba.

Kwana biyu makullin yana kan taga. A na uku Yaya Ummu ta ɗauka ta ce, "Malam, ka koya min."

Ya ce, "Mutane za su yi magana."

Ta ce, "Za su yi. In sun gama su zo su ci waina."

Tana da shekara arba'in da shida a lokacin. A filin makarantar firamare suka yi karatun, da la'asar bayan yara sun tashi, shi yana gefe yana jin ƙarar inji da kunne yana cewa ta canza giya. Mutane sun yi maganar kuwa, na wata guda, daga baya suka koma tsayar da ita a hanya suna neman a rage musu tafiya. Ta koyi birki, ta koyi komawa da baya, ta koyi duba mai da ruwa, ta je birni ta yi lasisi. Amma da rani aka yi duk wannan. Ba wanda ya tuna da ruwan sama.

Ruwan farko ya same mu ne a hanyar Rimin Gado, za mu kai abincin suna da hantsi. Tun da ta karɓi tuƙi nake binta, don in taya ta sauke kaya. Hadari ya haɗu daga gabas, kafin mu wuce gonakin Tofa ya sauko kamar da ƙwarya. Gilashin gaba ya koma kamar an labe shi da zane. Ta gangara gefen hanya ta tsaya, ta kira Malam a waya.

"Malam, ina abin kunna waifa yake?"

Ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce, "Sandan da ke hannun damanki, bayan sitiyari."

Ta taɓa na hagu, sigina ta fara ƙyafce-ƙyafce. Ta taɓa na dama, ta jawo shi wajen ƙirjinta, sai ga ruwa ya feso daga gaban mota ya haɗu da na sama.

Ta ce, "Malam, ƙara ruwa take yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan na wanke gilashi ne, ta tura sandan sama. Ta tura. Waifa, abin share gilashin, ta tashi tana ƙugi, don rana ta busar da robarta tun watanni, tana sharewa tana barin zane-zane. Amma dai hanya ta bayyana. Ya ce ɗaya na yayyafi ne, biyu na ruwa sosai, uku kuwa in an kai gare shi gara mutum ya tsaya ya jira. Ta maimaita a fili sau biyu kamar mai haddar karatu, ta kashe waya.

Ba mu yi nisa ba wata matsalar ta taso. Mun rufe tagogi saboda ruwa, ga kula shida na abinci mai zafi a baya, ga tukunyar miya da murfinta bai zauna daidai ba. Nan da nan gilasai suka yi gumi ta ciki. Na gaba tana gogewa da gefen mayafinta. Na baya kuwa hannunta ba ya kaiwa, kuma ita mace ce da ba ta yarda ta yi tuƙi ba ta ganin abin da ke bayanta.

Ta ce, "Sakina, koma baya."

Na tsallaka zuwa kujerar baya na durƙusa, na miƙa hannu ta saman kuloli da tsumman goge tanda, ina gogewa. In na goge, kafin in ƙirga ashirin ya sake rufewa. Haka muka shiga gidan sunan, ita da jiƙaƙƙen mayafi, ni da ƙamshin taushe har cikin ɗankwali. Wainar dai ta isa da zafinta, kuma a wurin aka ba mu aikin wani biki.

Washegari ta je Dawanau ta sa sababbin robobin waifa. Tun daga nan duk farkon damina take canza su, kuma in ta wanke mota sai ta ɗaga su ta goge bakinsu da tsumma mai laushi. Goge gilashin baya kuwa ya zama aikina. Da hadari ya haɗu, ba sai ta yi magana ba, zan ɗauki tsummana in koma baya. Har ɗan matashi na ɗinka na sa wa gwiwa. Akwai wasu siraran layuka a jikin gilashin, masu launin ƙasa, muka ɗauka ado ne na masu ƙera motar. Damina guda cur muka yi a haka, muka shiga ta biyu.

Malam kuwa zaman gida ya ishe shi. Gona yana zuwa, don ƙafarsa ta san hanya, amma motar nan tana ransa. Kullum da safe sai ya zagaya ta, ya bubbuga taya, ya buɗe murfin inji ya laluba. Wata safiya ya girgiza robar ruwan wanke gilashi ya ji ba komai a ciki. Ya ga jarka a bakin rijiya, ya ɗauka ya cika robar, bai gaya wa kowa ba. Jarkar kuwa ta ruwan gasara ce da muka tace da asuba za mu dama koko.

Ranar ba a yi ruwa ba, amma an yi jiya, hanya duk taɓo. Wata motar hatsi ta wuce mu ta watso mana jar laka a gilashi. Yaya Ummu ta jawo sandan da gadara, don yanzu ta ƙware. Sai ga farin ruwa ya feso, waifa ta bi ta shafe shi da lakar, gilashi ya koma kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Ta taka birki a hankali ta tsaya. Muka fito muka tsaya muna kallo. Ta lakato da yatsa ta shinshina, ta ɗan lasa.

Ta ce, "Wannan gasararmu ce."

Na yi dariya har na zauna a kan kunyar gonar wani. Ita ma ta yi, amma ba ta daɗe ba. Muka wanke gilashin da ruwan shanmu, muka kai abinci, muka dawo.

Da muka shiga gida ta same shi a inuwar darbejiya. Ina ta bakin rijiya, na ji komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ba shi labarin kamar yadda ya faru, har da lasar da ta yi, shi ma ya yi dariya yana rufe fuska. Sannan ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, yau gasara ce, mun yi dariya. A ɗakin nan akwai jarkar maganin feshi, akwai ta kananzir, duk kamarsu ɗaya. Ni ka koya min abin da nake tsoro na koya. Saura kai."

Bayan kwana huɗu, ya idar da sallar asuba ya ce mata ta zuba mai a mota, za su Kano a yi masa aikin idon.

Ita ta kai shi, ita ta zauna a bakin ɗakin aikin da carbi a hannu. An yi ido ɗaya, bayan wata biyu aka yi ɗayan. Ranar da aka cire masa bandeji na farko, ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida yana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da mijina ashe furfura ta kama shi. Ya ce da ni na yi ƙiba. Ya dubi Yaya Ummu ya daɗe, har ta ce ya daina kallonta a gaban mutane.

A ƙarshen watan Agusta ya fara bin mu, wai yana son ganin hanya. Muna kusa da Dawanau ruwa ya sauko. Na ɗauki tsumma da matashina na haye kujerar baya na fara aiki. Ya waiwayo ya kalle ni, ya sake waiwayowa.

Ya ce, "Sakinatu, me kike yi haka?"

Na ce, "Goge gilashi, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya dubi matarsa. Ta ce, "To da wa zai goge?"

Ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya nuna wani ɗan maɓalli kusa da rediyo, mai hoton taga da lanƙwasassun kibiyoyi. Ya ce layukan nan na jikin gilashi wayoyi ne, in an danna nan sai su ɗumama su busar da gumin. Na gaba kuma a juya iskar fanka ta dinga bugun gilashi, a ɗan sassauta taga. Yaya Ummu ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun tuni. Ya ce ba wanda ya tambaye shi, kuma shi bai taɓa ganin abin da muke yi ba.

Ya danna. Muka jira. Ba abin da ya faru. Na ce, "To kun gani," na ci gaba da gogewa, raina fes.

Bayan mun sauke abinci ya sa muka biya wurin Abdulkabir, mai gyaran wutar mota a bakin kasuwa. Abdulkabir ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya zaro wani ɗan fis da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, ya ce shi ke kai wuta ga layukan, kuma ya ƙone. Ya sa sabo. Ya kuma ɗauki allura ya tsokane ramukan da ke feso ruwa, don har wannan lokacin ɗaya daga ciki yana toshe da busasshiyar gasara. Ya duba layukan ya ce mun yi sa'a tsumma nake sawa, da da wani abu mai kaifi na kankare da sun tsinke.

Ruwa bai ɗauke ba, kulolin ma ba su gama hucewa ba, don haka a nan muka gwada. Muka rufe tagogi mu uku har gilashin ya yi gumi, Yaya Ummu ta danna da kanta. Wata 'yar fitila ta kama. Na juya ina kallo. Da farko siraran hanyoyi ne suka buɗe a kan kowane layi, sannan suka yi ta faɗi har suka haɗu, sai ga buhunan dawa da masu dako a bayanmu tas. Ba a yi minti uku ba.

Yaya Ummu ta ce, "Sakina, an sallame ki."

Na ce a ba ni takardar shaida tukuna.

Da za mu kama hanyar gida ta miƙa wa Malam makulli, tunda idonsa ya dawo. Ya ce a'a. Ya ce ya lura tana shiga kwana a hankali fiye da shi, kuma shi yanzu ya gano daɗin zama a gefe yana kallon gero yana fitar da kai. Sai dai in ba ta da lafiya, ko in tafiyar ta yi nisa su karɓi juna.

Haka abin yake har yau. Matan aure biyu daga unguwar gabas sun zo ta koya musu tuƙi, ɗaya malamar asibiti ce. Malam ya koma karatun littattafansa da rana ba tare da an karanta masa ba, bana kuma da kansa ya tsince irin waken da zai shuka, ƙwaya ƙwaya, a kan faifai. Ranar Asabar muna da biki a Dawakin Tofa, gidan wani malamin makarantar kimiyya da zai aurar da ƙanwarsa. Ɗazu Yaya Ummu ta leƙo ta katanga ta ce in jiƙa shinkafa kwano goma sha biyu, kuma in duba ko kabewar da muka ajiye a rumbu ta isa miya.