Hular Sanyin Baba

Shekarun baya, mahaifina ya zo wurina a Bronx, can Amurka, don ganin likitan zuciya. Tsautsayi ya sa zuwan nasa ya faɗo a watan Disamba. Mutumin da bai taɓa barin Kano ya wuce Makka ba, sai ga shi a unguwarmu ta Tremont, iska na shiga ƙashi kamar ana soka allura.

Jaket ya yarda ya sa, safar hannu ma da ƙyar ya karɓa. Amma hula? Ya ce shi da zanna bukar ɗinsa mutu ka raba. Na sayo masa hulunan sanyi har kala uku a bakin titi, ya juya su a hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata," ya ajiye su a kan talabijin. Kullum zai taka zuwa masallaci sallar Azahar da La'asar, ya dawo kunnuwansa sun yi jawur, yana tari. Likita ta ja mini kunne cewa sanyin nan ba abokin zuciyarsa ba ne. Ana haka wata rana da safe ya ce, "Ki duba mini ko za a iya matso da tikitin nan. Gara in je gida in ƙarasa shan maganin a can." Alhali saura wata biyu a gama aikin da ya kawo shi.

A ranar, da na tashi daga gidan tsohuwar da nake kula da ita a Manhattan, na bi ta gaban wani shagon kayan saƙa. Ban yi niyyar shiga ba. Na fito da ƙullin zaren ulu guda uku, ruwan toka mai duhu, mai laushi kamar gashin ɗan rago. A raina na ce, ai in 'yarsa ce ta saƙa da hannunta, kunya ma ta sa ya ɗora a kai.

To, a nan gizo ke saƙar. Ni dai rabona da allurar saƙa tun ina sakandare, kuma ko a lokacin abin da na iya fitarwa shi ne wani mayafin wuya da ya fara da faɗi ya ƙare da tsini. Amma da na buɗe waya na fara duba salon huluna, sai na ji ni gwana. Kwana uku ina zaɓe. A cikin jirgin ƙasa ina dubawa, a wurin aiki ina dubawa, har miya ta kama a tukunya ina dubawa. Wannan mai tuntu a ka, wancan mai lanƙwasa a baya irin ta samari, wani mai kunnuwa da igiya. Daga ƙarshe na tsayar da wanda ya fi kowanne wuya: mai tufka kamar kitso tun daga goshi har tsakiyar kai. Wai ni a dole sai Baba ya san 'yarsa ta ƙware.

Na fara, na warware. Na sake farawa, abin ya fito kamar sheƙar tsuntsu. Sai na tuna da maƙwabciyata.

Dattijuwa ce 'yar Maraɗi, tana zaune a hawan da ke ƙasan namu. Teburi gare ta kusa da tashar jirgi, tana sayar da huluna da safar hannu da mayafan wuya. Kayan kamfani take sayarwa, amma duk lokacin da ka wuce za ka ga hannunta na saƙa, idonta na kan masu wucewa, bakinta na ciniki. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Asabar na kwashi zarena da wayata na same ta a bakin teburin.

Ba ta ko kalli wayar ba tukuna. Ta karɓi zaren, ta shinshina, ta goga a wuyanta, ta ja shi ta saki.

"Ɗiyata, wanga ulu na ƙwarai ne. Nuna mini abin da kike so ki yi."

Na nuna mata, ina ɗan taƙama.

Ta yi dariya har sai da ta dafa teburi. "Zare mai gashi haka, kuma mai duhu, in kin yi mishi kitso wa zai gani? Wahala za ki sha, kitson ya nutse. Bon, to, wa zai sa?"

"Mahaifina, Hajiya."

"Tsohon nan mai zanna bukar da ke wucewa kunnuwa waje? Mi ya hana shi sa hular sanyi?"

Na ce, "Taurin kai ne kawai irin na tsofaffi."

"Shi ya ce miki haka?"

Gaskiya ban taɓa tambayarsa ba. Magiya na yi, faɗa na yi, har likita na haɗa shi da ita, amma tambaya ban yi ba.

Da yamma bayan ta tashi daga kasuwa, sai ga ta ta yi sallama a ƙofarmu. Ta durƙusa ta gaida Baba, suka taɓa hirar Maraɗi da kasuwar Kantin Kwari, don ashe ta sha zuwa sarin atamfa a zamanin ƙuruciyarta. Sai da ya saki jiki yana dariya, sannan ta ɗauko ɗaya daga cikin hulunan da ke kan talabijin.

"Malam, wagga mi ne laifinta?"

Baba ya yi ɗan murmushi. "Hajiya, in na yi sujada sai ta zamo ta rufe mini goshi, in riƙa kokawa da ita a cikin sahu. Sannan tana manne wa kai. Na duba madubi na ga wani ɗan dambe, ban ga kaina ba. Shekara saba'in da ɗoriya ban taɓa shiga masallaci da kai a shafe haka ba."

Ina tsaye a bakin kicin, kunya ta rufe ni. Sati uku ina cewa taurin kai.

Ta nemi izini ta karɓi zanna bukar ɗinsa. Ta auna zagayenta da zare, ta auna tsayinta da yatsu huɗu, ta leƙa cikinta. Sai ta yage murfin kwalin shayi, ta ce in ba ta biro. A nan kan gwiwarta ta zana. Sama a shimfiɗe kamar faifai. Gefe a tsaye, a saƙa shi da ƙaramar allura don ya yi tauri ya riƙe kansa. Ta gaba bakin ya tsaya sama da goshi, ta baya da gefe ya sauko ninki biyu ya rufe kunne da ƙeya. Ado kuwa, 'yan ƙananan dagi ne jere a gefe, waɗanda juya saƙa kawai ke fitar da su, babu wani launi.

Ta miƙa wa Baba kwalin. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "A ɗan ƙara mata tsayi kaɗan." Ta ƙara.

Na bi ta har matakala na ce, "Hajiya, don Allah ko ke za ki saƙa? Ni zan ɓata zaren ne kawai."

Ta ce, "A'a. Ni kwana biyu in gama, amma tawa hula ce kurum. Ke za ki yi. Kullum in kin sauko daga jirgi ki biyo ta teburi in gani."

Haka aka yi. Ta fara sa ni saƙa ɗan ƙyalle kamar tafin hannu, in wanke, in shanya, mu ga yadda zaren zai buɗe. Na ga kamar ɓata lokaci ne, sai ga shi ya buɗe sosai. Da ban gwada ba da hular ta sauko wa Baba har hanci. Sau biyu tana sa ni warwarewa a tsaye cikin sanyin nan, tana ba wani canji da hannu ɗaya, tana nuna mini inda na tsallake idon saƙa da ɗayan. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma taɓa cewa "ya isa haka" alhali bai isa ba.

Kwana goma sha ɗaya na yi. Ranar Juma'a na ajiye masa ita a kan babbar rigarsa. Ya fito daga ɗaki da ita a kai, ya tsaya gaban madubi, ya ɗan karkata ta gefe yadda yake yi wa tasa. Ya shimfiɗa darduma ya gwada sujada. Ya ɗago, ya ce, "To, bari in tafi, kada in rasa huɗuba."

Da ya dawo yake ba ni labari wai wani dattijo ɗan Kumasi ya tare shi a bakin masallaci yana tambayar shagon da ake sayar da irinta. Baba ya ce masa, "Ba ta sayarwa ba ce." Maganar tikiti ba ta sake tasowa ba. Ya zauna har likita ta sallame shi.

Bayan ya tafi na kai wa maƙwabciyata turaren wuta da turmin atamfa. Da ƙyar ta karɓi turaren. Ta ce, "Ni mi na yi? Tsohon ne ya faɗi hulatai da bakinshi. Ni biro kawai na riƙe."

Har yau in na tuna matar nan sai in ji ta ƙara girma a idona. Ba ta yi boko ba, ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin salon da na tara a waya ba. Ni kuwa kula da tsofaffi ne aikina, har takardar shaida gare ni a kai, amma uban da ya haife ni ya zauna a ɗakina sati uku da amsa a bakinsa, yana jiran wanda zai tambaya. Sai da mai teburin bakin tasha ta hawo bene ta durƙusa a gabansa.