Shebur a Jakar Jarumi

A shekarun farko na dubu biyu, bayan na ajiye fatauci na zauna a Nguru, maƙwabcina ya buɗe gidan gem, inda ake biya a yi wasa a talabijin, a zauren gidansa. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Da jirgi ya rage zuwa, aiki ya tsaya masa, ga iyali da yawa. Ya sayo talabijin biyu da ƙaramin janareto da na'urar wasa, wadda wani ɗan kasuwa ya shigo da ita daga Nijar ta Machina. Da abin da zauren ke kawowa ake cefane a gidan.

Yawancin faifan da suka zo da na'urar na ƙwallo ne da tseren mota. Ɗaya ne ya fita daban. A cikinsa jarumi ne mai takobi yake ratsa garuruwa yana neman wani tsohon boka mai doguwar sanda. In boka ya ɗaga sandar, duk gawar da ke kwance a fili sai ta miƙe ta ɗauki makami ta bi shi. Rubutun da ke fitowa a ƙasan allo kuwa duk Faransanci ne, ba wanda ke karantawa, sai dai a danna a wuce.

Ba a daɗe ba labari ya kai masallaci cewa a zauren ana nuna wani yana tayar da matattu. Wata guda kafin nan, a Gashua, mutanen wata unguwa sun sa an rufe irin wannan shago, mai shi ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauye wajen Jakusko. Bulamanmu, wato mai unguwa, da liman suka kira maƙwabcina. Ya rantse bai san abin da bokan ke faɗi ba. Liman ya ce to a nemo wanda ya sani. Na yi shekaru tsakanin Damagaram da Njamena da Marwa, Faransancina na kasuwa ne amma ina karatu da shi, don haka aikin ya faɗo kaina.

Yamma uku na yi a zauren. Wanda ya fi kowa iya wasan wani tela ne mai shago a bakin kasuwa, shi nake sa wa ya tsayar da hoto in karanta. Abin da na tattara shi ne, bokan a da mai maganin sarki ne. Annoba ta shiga birninsu ya kasa tsayar da ita, sai ya bi wani ilimi da aka hana. Ya cire ransa ya ɓoye a tulu a ƙarƙashin hasumiya, shi ya sa takobi ba ya kashe shi. Waɗanda yake tayarwa ba sa magana, ba sa gane danginsu, ba sa cin abinci. Tela da abokansa sun yi wata biyu a wani kwari guda: su kashe sojojin boka, ya ɗaga sanda, su tashi har da ƙari.

Ban ji abin baƙo sosai ba. A Kamaru na ji ana zargin wasu masu arziki da cewa matattu ke yi musu noma a kan wani dutse. A tatsuniyoyinmu akwai dodon da ke ajiye ransa a wani wuri daban da jikinsa. Mayen ƙasarmu kuwa kurwar mai rai yake kamawa, ba ruwansa da gawa. Abin da na lura, duk inda aka ce wani na tayar da matattu, ma'aikata yake nema waɗanda ba za su ce sun gaji ba.

A rana ta uku maƙwabcina ya rako ni ƙofa. Ya daɗe yana zancen janareto kafin ya ce, "Yaya Alhaji, ka san halin da nake ciki. In ka je gaban liman, ka tausasa."

Na ce masa abin da na gani zan faɗa.

Liman tsoho ne Babarbare, yawancin mamatan unguwar shi ya yi musu wanka ko ya sallace su. Tambaya ɗaya ya yi mini, ko wasan ya ce wannan boka rai yake mayar wa gawa. Na ce a rubuce bai ce haka ba, ƙasusuwa kawai yake motsawa kamar mai jan igiya. Na ƙara da cewa masu wasan ba sa karanta rubutun, abin da idonsu ke gani shi ne gawa ta miƙe. Maƙwabcina yana zaune a gefe, ya sunkuyar da kai. Bulama ya ce ai magana ta ƙare ke nan, sai a rufe zauren. Liman ya ce ba zai rufe wa mutum hanyar abinci a kan abin da bai gani ba, gobe bayan la'asar zai zo.

Ya zo. Aka share masa benci, masu kallo suka ja baya suka jingina da bango. Tela ya kama wasa. Ya shiga kwarin, ya zubar da sojoji kamar yadda ya saba, ya bi ta kansu a guje ya nufi boka. Liman ya ɗaga hannu, aka tsayar.

"Ɗana, waɗannan fa? Wa zai rufe su?"

"Allah gafarta Malam, ai ba a rufe su. Wucewa ake yi."

"A wane gari?"

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta. Liman ya juyo gare ni ya tambaya ko garin nan ba su da abin haƙa. Na sa tela ya buɗe jakar jarumin. Akwai takobi biyu, da gorar magani, da shebur a can ƙarshe. Tela ya ce shebur ɗin banza ne, sun gwada duka da shi tun farko, ko ɓera ba ya kashewa. A kwana ukun da na yi ba wanda ya taɓa nuna shi, saboda haka ban taɓa ganin rubutun da ke ƙarƙashinsa ba. Na matsa kusa na karanta, na fassara musu: wanda aka sa a ƙasa, kiran boka ba ya isa gare shi.

Tela ya koma kan gawa ta farko ya danna. Jarumin ya haƙa, ya sa ta, ya tara ƙasa. Aiki ne mai cin lokaci, kowace gawa sai an tsaya a kanta. Tela ya so ya tsallake wasu ya ce ai abokan gaba ne, liman ya ce bai ga an rubuta haka a goshinsu ba. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi ƙasa. Da tela ya isa gaban boka, boka ya ɗaga sanda. Biyu ne kawai suka tashi, waɗanda suka faɗa bayan wani dutse ba a gan su ba.

Liman bai tsaya ganin faɗan ba. Ya nemi takalmansa. A bakin ƙofa ya ce wa maƙwabcina ya riƙa kashe janareto da an kira salla, kada ɗan makaranta ya shigo a lokacin karatu, kuma a zauren nan duk wanda ya kashe ya binne. Bulama ya so ya yi magana, ya ga liman ya riga ya kama hanyar masallaci, ya bi shi.

Cikin mako guda tela ya kai hasumiyar ya fasa tulun. Daga nan faifan ya rasa masu so, don haƙa tana cinye wa mutum lokacinsa, kowa ya koma ƙwallo. Maƙwabcina ya yi kwanaki yana gaishe ni daga nesa saboda abin da na ƙara a gaban liman. Ran nan sai ga kifi banda na tafkin Dagona an aiko daga gidansa, ba saƙo. Zauren ya ci gaba da ciyar da gidan shekaru da dama, har wayoyin hannu suka cika gari.