Daga Tottenham Zuwa Ƙofar da Baba Ya Ƙi Shiga

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Asabar muka rufe ƙofa, ni da Baba, gari bai waye ba, sanyin Nuwamba na shiga har ƙashi. Catford muka nufa. Ƙanena Ishaku ya sayi gida a can, makulli na hannunsa mako uku, amma ya ce ba zai kwana ciki ba sai Baba ya fara taka ƙafa ya yi addu'a, yadda ake yi a gidanmu tun daga Wusasa. Shi kuwa Baba da ya ji sunan layin sai ya ce a nemi fasto, shi ba ya zuwa. Matar Ishaku, Ladi, cikinta wata tara, kayansu a ƙulle cikin kwalaye, mai gidan da suke haya kuma ƙarshen wata yake son wurinsa. Da ƙyar Baba ya yarda zai je ya ga layin da ido. Shiga dai, ya ce ban da shi.

Tottenham zuwa London Bridge

Na ce mu bi tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya fi sauri. Ya ce shi ba ɓera ba ne. Muka hau bas 149 da shida da rabi, na taɓa katina fam ɗaya da pence saba'in da biyar, shi ya nuna katin tsofaffi. Direbar baƙar mace ce. Baba ya tsaya ya gaishe ta da Turanci har da cire hula, mutane na jira a bayanmu.

“Baba, ka san ta ne?”

“Ban san ta ba. Da na zo ƙasar nan akwai garin da ba a ɗaukar baƙar fata aikin bas ko kaɗan, sai da mutane suka ƙaurace wa motocin suka koma tafiya a ƙasa. Bar ni in gaishe ta.”

Shekarunsa tamanin da huɗu, ba na musu da shi kafin in sha shayi. Mun isa gadar bakwai da ashirin da biyar.

London Bridge zuwa Peckham

A ƙofar shiga jirgi katin Baba ya ƙi buɗewa, ashe na laburare ya ciro. Ma'aikacin ya yi dariya ya buɗe mana babbar ƙofa. Minti goma sha ɗaya ne zuwa Peckham Rye, a cikinsu ya ba ni labarin da ban taɓa jin ƙarshensa ba.

Ya zo karatu a shekarun alif ɗari tara da sittin da akwati ɗaya. Wuni guda ya yi yana neman ɗakin haya a Catford. Wasu tagogin da takarda a manne, an rubuta ba a son baƙar fata, waɗannan ma ya ce sun rage masa wahala. A layin da Ishaku ya sayi gida ya samu taga mai cewa akwai ɗaki, babu ƙarin komai. Ya ƙwanƙwasa, wata dattijuwa ta buɗe. Ganin ta kai sa'ar mahaifiyarsa, sai ya ajiye akwati, ya cire hula, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, kamar yadda aka koya masa a gida. Tana kallonsa a durƙushe ta tura ƙofa ta rufe. Maƙwabta biyu na tsaye a tsallaken titi suna dariya.

“Rufe ƙofar ba komai ba ne, Rifkatu,” ya ce. “Tashin ne. Sai da na tashi a gabansu na kaɗe gwiwata.”

Daga baya doka ta hana irin waɗannan takardu, kuma yana cikin waɗanda suka yi ta zanga-zanga kafin a kai ga haka. Amma shekara sittin ke nan bai sake bin layin ba.

Peckham

Takwas saura muka sauka. A nan wani mutumin Jamaika ya ba shi kusurwar ɗaki a wancan lokacin, yanzu wurin shagon kitso ne. Muka sha shayi da burodi, fam shida mu biyu, shayin kamar ruwan wanke kofi. A Rye Lane Baba ya tsaya gaban wani ɗan Ghana da ke buɗe shago, ya ɗaga tsintsiyar kaba irin ta gida.

Mai shagon ya ce, “Baba, wannan tsintsiya ya yi kyau, daga Kumasi ya zo. Sabon gida ne?”

“Wa ya ce maka?”

“Ba wanda ya ce. Fam uku.”

Ya saya ya saƙale a hammata. Na gane ta gidan Ishaku ce.

Peckham zuwa Catford

Bas 171, minti talatin da biyar saboda gyaran titi a New Cross. Ishaku ya kira sau uku. “Yaya, in yi cancel ɗin van ɗin kwashe kayan ne ko in bari?” Na ce ya bari tukuna. Daga tasha zuwa layin tafiyar minti bakwai ce, mu mun yi ashirin.

Baba ya gane gidan dattijuwar nan take, ƙofa uku kafin na Ishaku. An canja fenti, akwai keken yara a jingine. Ya tsaya kamar minti biyu, babu wanda ya leƙo. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Ishaku na bakin nasa gidan, ya rusuna ya miƙa makulli da hannu biyu. Baba ya ƙi karɓa. Na ɗauka an gama, mu juya.

“Ladi tana ina?”

“Tana mota, Baba.”

“Ba ta makullin ta shiga, ta rufe ƙofa.”

“Ai kai za ka fara shiga.”

“Wanda ke ciki shi ke cewa a shigo. Ba ta.”

Ladi ta shiga ta rufe. Baba ya miƙa mini tsintsiya, ya cire hula, ya ƙwanƙwasa sau uku. A tsaye yake, ƙyam. Ƙofa ta buɗe.

“Gafara dai masu gida. An ce akwai ɗaki.”

Ladi, da cikin nan nata, ta dafa bango ta durƙusa har ƙasa. “Akwai, Baba. Shigo.”

Ƙarfe goma saura biyar ya shiga. Addu'ar ta ɗauki minti arba'in, van ta iso sha ɗaya.

Komawa

Da la'asar na ce mu kama hanya. Ya ce in tafi, an ba shi ɗaki, sai ya kwana a ciki, ko da katifa a ƙasa ce. Na bi jirgi da tube abina, awa ɗaya da minti biyar, na iso Tottenham shida saura. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, na gode wa Ladi da gwiwarta. Mu biyu muka fita da safe, ni kaɗai na dawo.