Wuƙar Kawu Ilarie

A ƙauyensu da ke gindin tsaunukan Oltenia, ba mai yi wa inabinsa feshi sai da ruwan da Kawu Ilarie ya haɗa. Asalin sana'arsa ƙona dutse ce. Yakan yi kwana uku yana ɗura wa murhu itace, har dutsen ya koma farar ƙasa mai zafi, irin wadda in ta ji ruwa take tafasa ba wuta. Hannuwansa duk sun tsattsage, girarsa ma ta daɗe da babbakewa, amma bawan Allahn nan bai taɓa sha'awar wani aiki ba.

Da ganye ya fito, sai maza su cika tsakar gidansa da bokitai. Yakan jiƙa shuɗin dutse, maganin fumfuna, ya haɗa shi da ruwan farar ƙasa a ganga. Shuɗin nan tsami gare shi, in aka fesa shi haka ganye ƙonewa yake, farar ƙasar ce ke kashe tsamin. Ma'auninsa kuwa wuƙa ce. Zai goge ta fes, ya tsoma, ya karanta addu'ar Ubanmu ta coci sau ɗaya, ya ciro. In bakinta ya yi ja kamar tagulla, da sauran tsami, a ƙara fari. In ta fito yadda ta shiga, kowa ya ɗiba.

Shekara arba'in bai bar matarsa Saveta ta matso kusa da gangar ba, wai aikin maza ne. Ita kuwa ko a jikinta.

Sai ga yanar ido ta kama shi, bai kuma gaya wa kowa ba. Ranar haɗin farko ya ciro wuƙar, ya juya ta, ya sake juyawa, bai ga komai ba sai hazo. Kuskure ɗaya, inabin gari duka ya ƙone.

Maƙwabcinsa Gligor ya ce, "Kawu, aski za ka yi da ita ne? Rana fa tana yi."

Sai ga Saveta da albasa a hannu.

"Kai tsoho, miƙo wuƙar nan in yanka albasa." Ta karɓa, ta yatsina fuska. "Tir! Ta yi ja kamar hancinka. Wa zai ci abinci da wannan?"

Maza suka kwashe da dariya. Ilarie ya yi tsaki, ya ƙara farar ƙasa, ya goge wuƙar ya sake tsomawa. Da ta dawo karo na biyu, ta duba wuƙar ta ce yanzu kam albasa za ta yanku, ta tafi da ita.

Haka aka yi bazara uku. A gida ba wanda ya tayar da zancen. Inabi ya yi kyau, ana ta yaba idon Kawu, yabon kuwa yana yi masa nauyi.

A ta huɗu, tun kafin maza su iso, ya jawo kujera ya ajiye a gindin ganga. Da ya ciro wuƙar, bai ko ɗaga ta sama ba.

"Saveta! Bar albasar nan, mun ci ta ishe mu. Zo ki zauna." Ya juya wajen mazan. "Shekara uku ke nan ita ke duba muku."

Gligor ya cire hularsa don girmamawa. Saveta ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta ƙura wa wuƙar ido.

Ta ce, "Ƙara fari, tsoho."

Ya ƙara.