Wainar Arba'in ɗin Baba

Shekarar da na zo Gaithersburg a Amurka ina da ciki wata biyar, kuma ko gaisuwar Turanci ban iya ba. Maigidana tasi yake tuƙawa, ya fita da safe sai yamma. Ni dai daga taga sai kicin. In an ƙwanƙwasa ƙofa gabana ya faɗi.

A hawan da ke ƙasa da namu akwai wani dattijo ɗan Maraɗi, kowa Baba yake ce masa. Shi ke soya wainar duk wani suna da sadaka na mutanenmu. Mata su ci su suɗe hannu, in ya juya baya su ce ɗan daudu. A ɗakinsa zane yake ɗaurawa a ƙirji. Ranar da na fara ganinsa haka na sunkuyar da kai. Ya ce, “'Yata, zauna. Zane ne, ba ya cizo.”

Duk bayan Babbar Sallah yakan soya wainar da ba wanda ya sa shi, ya bi ƙofa ƙofa yana rabawa. Na tambaye shi ta mece ce. Ya ce sadakar abokansa ce, waɗanda suka yi rumfar abinci tare a tasha. Ciwo ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, dangi suka binne da sauri, ba wanda ya jiƙa musu ko mudun shinkafa.

Maigidana yana da 'yar yayarsa, haifaffiyar nan, tana jami'a. Ta aske kanta, tana zaune da wata mace, kuma ba ta ɓoyewa. Wata rana ta same mu a ɗakin Baba, ta ce masa da Hausarta mai tsalle-tsalle, “Baba, me ya sa kake bari suna yi maka dariya? Ka faɗi abin da kake.”

Ya juya waina ya ce, “Ke kin samu suna kin zaɓa. Mu wanda aka zage mu da shi muka ɗauka muka wanke. Miƙo min mai, sarkin baki.”

Ya rasu cikin hunturu, 'yata tana da shekara uku. Maza 'yan kaɗan suka kai shi. Uku ta wuce, bakwai ta wuce, ban ji kowa ya ce sadaka ba. Kaskon wainarsa yana kicin ɗina, na ara ban mayar ba. Kullum na buɗe kabad sai na gan shi, in ƙirga kwanaki, in rufe.

'Yar yayar maigidana ta kira ni, ta ce ita da ƙawayenta za su kunna masa kyandir a cikin birni. Na ce shi ba haka yake yi wa nasa ba, ta zo da shinkafa.

Na gaya wa maigidana zan kai sadakar arba'in ɗin Baba masallaci. Ya ce, “Ki kai, amma kar ki ja mana magana.”

Ranar Juma'a muka soya. Ta farko ta kama kasko, ta biyu ta ƙone, sauran dai suka yi kama da waina. Yarinyar ta sauke ni a masallaci, ta tsaya cikin mota, ta ce in ta shiga ita za a kalla.

Na buɗe kwano a ɓangaren mata. Wata ta miƙo hannu ta ce, “Sadakar wa?”

Da na ce ta iyayena, da an cinye. Na ce, “Ta Baba ce, da abokansa na tasha.”

Hannun ya koma. Wasu suka shiga gyara mayafi. Wata tsohuwa ta ɗauki biyu, ta ce Allah ya jiƙansu, ta ƙara da cewa tashin ƙullun bai yi ba.

Na dawo gida da fiye da rabi. Tun daga nan duk bayan Babbar Sallah nake jiƙa shinkafa. Ban san sunayen abokan nasa ba, ban taɓa tambaya ba. In zan raba sai in ce na Baba da mutanensa.