Shuɗiyar Wayar da Alhaji Ya Bari a Bango

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Alhaji Isufu, Bagobirin da ban taɓa ganin an kayar da shi a musu ba, sai dai a kira salla a watse. Allah ya jiƙansa. Bana wata shuɗiyar waya ce ta sa ni tuna shi a shafin nan, wadda ya bari manne a bangon gidanmu na Koira Kano, daga falo zuwa ɗakinsa.

Da ya ajiye aiki ya sayi ordinata, wato kwamfuta, ya rantse da hannunsa zai kai mata rezo daga akwatin intanet da ke falo. Ya kira amininsa kuma abokin wasansa, Malam Haruna, Bazabarme ɗan Saga, suka raba aiki: Alhaji zai matse kan wayar na falo, Haruna na ɗaki. Ashe cikinta akwai ƴan siraran wayoyi masu launi, jerinsu kuma iri biyu ne, ko a fara da ruwan lemo ko a fara da kore. Kowanne daidai ne muddin kawunan biyu suka zo ɗaya. Alhaji ya fara da lemo, wai haka tutar ƙasa take. Haruna ya fara da kore, wai shi cikin shinkafa ya girma. Aka jona, fitilar akwatin ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Gyaran bai wuce a yanke kai ɗaya a sake matsewa ba, amma wa zai yanke nasa? Alhaji ya ce bawansa Haruna ne ya ɓata. Haruna ya ce Bagobiri bai san wata waya ba sai ta shanya. Haka suka yi shekaru, duk Juma'a su cinye min tuwo suna nuna bango da yatsa.

Ga abin da ba su sani ba. Wata rana Alhaji ya kulle falo, ya yanke nasa ya mai da shi kore, ya ce, "Hajiya, kada Haruna ya ji." Bai kai ga jonawa ya gwada ba ya tafi Maradi biki, sai ga Haruna da kayan aiki cikin aljihu, ya mai da nasa lemo, ya ce, "Hajiya, amana." Waya ta koma gidan jiya, kowa ya ƙara sakankancewa hannun ɗaya ne bai iya ba. Ni kuwa na yi gum, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tun da aka kai Alhaji, Haruna bai sake taka falon nan ba. Daga ƙofa yake gaishe ni ya juya, abin yana ci min rai. Gaskiyar masu magana, sabo ake yi wa kuka.

Watan jiya ɗanmu Nasiru ya kawo sabon akwati. Kafin masu fentin da muka ɗauko su ɓalle tsohuwar wayar ya jona ta don wasa, sai ga fitila tana ƙyaftawa. Wai na'urorin yanzu da kansu suke gane jerin su daidaita. Da Alhaji na nan, na san cewa zai yi sai yanzu Turawa suka kamo iliminsa.

Na aika aka kira Haruna, na nuna masa fitilar, na sauke amanar nan biyu gaba ɗaya. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, daga nan hawaye suka karɓa. Ya ce, "Wato Bagobirin nan ya sallama, ya tafi bai gaya min ba?" Na ce, "Malam, kai ka gaya masa?"

Ordinatar ta daɗe da mutuwa, musun ma ba mai gadonsa. Abin da ya rage min na Alhaji shi ne wannan hali: a baki ba ya risinawa, amma in ya rufe ƙofa yakan ba aboki gaskiya. Na ce wa masu fenti su bi gefe su bar min wayata. Haruna ya dawo cin tuwon Juma'a. Kujerarsa yake juyawa wajen fitilar, ya nuna ta da yatsa ya ce, "Duk da haka, Isufu, kore ne farko."